Safar Dama ta Kan Babur Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai cike da sanyi, ni Jumakadir ɗan Orozali, na bakin gada a ƙauyen Kara-Bulak, a madadin kaina da babur ɗina da yatsuna tara da rabi, nake sanar da 'yan'uwa da surukai da abokan arziki, da duk makiyayan da ke cin hunturu a saman kwari, rasuwar abokiyar tafiyata Safar Dama. Ita ce kuben fatar nan mai gashi a ciki da ke ɗaure a hannun dama na babur ɗina, wadda nake zura hannu a cikinta in riƙe totur. Kowa ya san ta, wasunku ma sun taɓa roƙona in bari su ɗumama yatsu a cikinta a bakin kanti. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce, bayan azahar, a ƙofar gidan surukina Beishenali, uban mijin 'yata, bayan gajeriyar jinya. Jinyar ba ta wuce tsawon addu'a ɗaya ba. Sai dai ni na yi addu'ar, kuma waɗanda suka san ni sun san ba na gajartawa.

An haife ta tagwaye da 'yar'uwarta Safar Hagu, a hunturun da kogi ya daskare har ƙasa, shekara goma sha wani abu ke nan. 'Yan gidan mutunci ne. Su ne hannuwan babbar rigar fata ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, wadda ya yi kiwo da ita tun zamanin gonar gwamnati. Kafin su zama riga kuwa, tunkiya ce. Nakan zauna in yi ta juya wannan a raina: tunkiyar da ta ci ciyawa lokacin da babu babur ko ɗaya a kwarin nan, ita ce ta zo ta ƙare tana tsere da iska a kan babur. Ba ta taɓa mafarkin haka ba, in dai tumaki suna mafarki. Ni ina ganin suna yi, don na sha ganin ƙafarsu tana motsi cikin barci.

Wanda bai san irin wahalar da hannu ya sha kafin zuwan marigayiya ba, ba zai san girman wannan rashi ba. Mai doki yakan cusa hannuwansa cikin riga ya bar doki ya nemi hanya. Babur ba ya neman hanya, dole ka riƙe shi, kuma iska da yatsu take fara gaisawa kafin ta zo kan fuska. Aji huɗu na yi a makaranta, amma na lura sanyi kamar ɓera yake, ƙaramar kafa yake nema, shi ya sa da ƙaramin yatsa yake farawa. Na gwada safar hannu ta kanti, iyakarta gada. Na sa biyu, ɗaya a kan ɗaya, sai na daina jin inda birki yake, na shiga garken maƙwabcina har tsakiya. Na zuba dafaffen dankali mai zafi a aljihu, ina tuƙi da hannu ɗaya ina ɗumama ɗaya, kafin rabin hanya dankalin ya huce, na tsaya na cinye shi. Na yanke galan biyu na roba na ɗaura a gaban hannuwa. Sun tare iska kam, amma suka riƙa kiɗa kamar ganga, karnukan ƙauye uku suka yi mini rakiya. Na sha tsayawa in rungumi inji, tafin hannu yana ƙuna bayansa yana daskarewa. A ƙarshe dai sanyi ya ɗauki kan ƙaramin yatsana na dama, likita a garin Narin ya yanke abin da ya yi baƙi ya sallame ni.

Da na dawo gida, matata Sonun, Allah ya haskaka kabarinta, ba ta ce mini sannu ba. Ta dubi hannun, ta dube ni.

Ta ce, "Tsoho, ni mutum guda aka aura mini. In gutsure-gutsure za ka riƙa barin kanka a hanya, kafin bazara me zai rage?"

Sai ta buɗe akwati ta jawo rigar mahaifina, ta ɗauko almakashin askin tumaki.

Na ce, "Ke, tsohuwa, rigar mahaifina ce fa!"

Ta ce, "Mahaifinka yana inda ba a jin sanyi, in Allah ya so. Miƙo hannu in gwada."

Haka aka haife su, a kan gwiwar Sonun, gefen murhu. Ta yanke hannuwan rigar daga kafaɗa, ta bar gashin a ciki, ta ɗinke da zaren jijiya, ta sa wa kowace igiyar fata da maɓalli na ƙashi don ɗaurewa a kan ƙarfe. Tun daga ranar sanyi bai sake cin ko farce a hannuna ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta kwana a waje cikin dusar ƙanƙara ba ta yi ƙorafi ba. Ta faɗi tare da ni a kan ƙanƙarar kogi, ita ta fara taɓa ƙasa, ni na biyo baya. Ba ta da girman kai: hannun liman ya shige ta, hannun mai gyaran taya ya shige ta, wata shekara ma wani ɗan rago da aka haifa a kan hanya ya yi tafiyar rabin kwari a cikinta, kansa a waje yana kallon duniya. Ba ta da yawan magana. In na zura hannu da safe takan ce fuf, gaisuwarta ke nan. In sanyi ya yi tsanani fatar ta ƙage, sai ta riƙa cewa ƙyar-ƙyar, ƙyar-ƙyar, kamar tsohuwa tana gunaguni, har sai ɗumin hannuna ya ratsa ta.

Amma babbar muryarta fito ce. Akwai wani ɗan rami a ɗinkinta, wajen babban yatsa, bai kai ƙwayar wake ba. In ina tafiya a hankali, shiru kake ji. Da na murɗa totur na wuce hankali, sai ta fara: fiii. In na ƙara, ta ƙara, fiiiiii, har cikin haƙori, dole in sassauta kafin ta yi shiru. Na yi shekaru ina nazarin wannan abin mamaki. Na taɓa gaya wa malamin makaranta cewa fata ba ta manta tsoro ko bayan an jeme ta. Ya ce iska ce kawai. Na ce to me ya hana ta Hagu yi, ko iskar hagu daban ce? Ya ce yana da aji, ya wuce.

Abincinta maiƙo ne. Kowa ya san bayan an ci nama ba a ɓarnatar da maiƙon hannu. Iyayenmu a takalmi suke shafa shi don fata ta yi laushi, ni kuwa marigayiya nake kai wa. Babu gidan da aka yi biki ko sadaka a kwarin nan da ba ta ɗanɗana kitsensa ba. Shi ya sa take sheƙi, ruwa ba ya shigarta, kuma tana da wani ƙamshi nata, wanda 'yata Kunduz take kira da wani suna daban.

Babban aikinta a duniya shi ne ranar Alhamis. Da Sonun ta rasu, a Uc-Tash muka kai ta, can sama wajen tsohon masaukinmu na hunturu, inda kaburburan danginmu suke. Yanzu babu mai zama a wurin sai iska da wata mujiya. Doki ya fi ƙarfin gwiwata, mota ba ta hawa, ƙafa kuwa sai in kwana a hanya. Saboda haka kowace Alhamis nakan ɗaura ƙullin fulawa da kwalbar mai a bayan babur in hau. In kunna wuta a tsohon ɗakinmu, in soya borsok, wato 'yan gutsattsarin ƙullin fulawa, don ƙamshin mai ya tashi ya isa ga mamata kamar yadda ake yi, in karanta abin da na iya, sannan in zauna gefen kabarin in ba ta labarin kwari: wa ya haihu, wa ya sayar da godiyarsa ya yi nadama, da tauraron nan mai wutsiya da na gani wanda kowa ya ce jirgi ne. Ba ta amsawa, amma ko da tana raye ma in ina irin wannan magana ba ta cika amsawa ba. Duk tsawon hanyar nan ɗinkin Sonun yana daidai kan wuyan hannuna na dama, ina jin kowane ƙulli. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, sanarwa nake yi.

Dole in ambaci alkawarin da ke rataye a kan ran marigayiya, don a gane abin da rasuwarta ta jawo. Kunduz tana aiki a kantin magani a Narin, tana zaune da mijinta a hawa na huɗu, inda ɗumi ke fitowa daga ƙarfen jikin bango ba tare da an ga wuta ba. Ni ban yarda da ɗumin da ba a san inda ya fito ba. Kowace kaka sai ta zo ta ce in tattara in je can in ci hunturu. Bayan rasuwar uwarta ta matsa ƙwarai, har muka yi ciniki a kan ledar cin abinci.

Ta ce, da sunayen da take kiranmu ni da uwarta, "Ata, muddin safofin da Apa ta ɗinka suna raye, ka hau abinka. Ranar da ɗaya ta mutu, makulli nawa ne, kai kuma ka biyo ni Narin."

Na yarda, har na ɗora hannu a kan gurasa, wanda a wurinmu rantsuwa ce. Na yarda ne don a lissafina su za su binne ni.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Asabar Beishenali ya yi yankan hunturu, ya kira mutane cin nama. Kunduz da mijinta sun zo daga Narin don taya aiki. Tunda duk waɗanda suka girme ni sun tafi, ni aka zaunar a can ƙuryar girma, aka ajiye mini ƙashin ƙugu da namansa, ga kitsen wutsiya a gefe. Haƙorana kuwa ba su da yawa, kuma ba sa zaune kusa da juna. Na ci abin da zan iya. Rabon girma ba a barinsa a kan leda, gida ake tafiya da shi. Matar gidan ta tashi neman abin da za ta ƙunshe mini, ni kuwa sai wani tunani ya faɗo mini. Na tuna da dankali. Laifin dankali shi ne a aljihu yake, nesa da hannu. In aka sa nama mai zafi a cikin safa, nama zai ɗumama hannu, safa ta ɗumama nama, ita kuma ta sha maiƙo har ta ƙoshi. Na ga wannan dabara ce da ta kamata a buga ta a jarida. Na lallaɓa na fita, na cusa ƙashin ƙugu da kitsen a cikin marigayiya. Ta ce fuf. Ashe maganarta ta ƙarshe ke nan.

Sai ga muryar Beishenali daga ƙofa, da sunan da surukai ke kiran juna a nan: "Kuda! Ina za ka gudu ba ka sa mana albarka ba? Mutane sun miƙa hannu, kai ake jira."

Na koma na zauna, bayana ga taga. Kowa ya buɗe tafin hannu, maza a ɗaki, mata a bakin ƙofa, har masu tsaron tukunya a tsakar gida. Na fara. Na sa wa gidan albarka da ledar cin abincinsa. Na sa wa mai gida da uwar gida. Na bi 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, har wanda ke aikin gini a Mosko, na roƙa masa bene mara santsi. Ina kan tumaki ke nan na ji Beishenali, wanda ke fuskantar taga, ya ce da ƙarfi, "Amin!"

Na ji daɗi. Na wuce kan godiyoyi da 'ya'yan da ke cikinsu.

"Amin, Kuda! Amin, amin!"

Na ɗan buɗe ido na ga idanunsa sun yi ja, har da ƙwalla. Na ce a raina, yau addu'ata ta ratsa mutumin nan, zunubi ne in katse masa. Sai na ƙara. Na roƙa wa rufin gidan, na roƙa wa rijiya, na roƙa wa hanyar da ta wuce ta ƙofarsu, na roƙa wa dusar ƙanƙara ta sauka a dutse ta bar kwari. Ya yi ta amin har muryarsa ta dushe. Daga ƙarshe, don kada in bar kowa, na tuna da karen gidan, Moinok, na ce shi ma Allah ya cika masa ciki.

Ban taɓa ganin addu'ar da aka karɓa da wuri haka ba.

Muna shafa fuska Beishenali ya tsallake mutum uku ya yi waje ba takalmi. Da na fito, na tarar da babur a kwance. Abin da ya rage na marigayiya shi ne igiya, da maɓallin ƙashi, da gashi cikin tafin hannu ɗaya. Moinok yana kwance a rana, cikinsa kamar salka, yana lasar baki. Ya fara da naman ne, da ya ƙare sai ya ga ashe kwanon ma na ci ne, tunda kitsen bukukuwan shekara goma sha wani abu yana jikinsa.

Beishenali ya ce, "Kuda, ka kashe ni kawai. A kan idona aka yi, tun daga farko har ƙarshe."

Na ce, "To me ya hana ka magana?"

Ya ce, "A tsakiyar albarka? In sauke hannu in katse dattijo a gidana, a yi ta ba jikokina labari? Ai na yi ta ce maka amin!"

Na ce, "Ni na ɗauka daɗi kake ji."

Ya ce, "Daɗi? Lokacin da ka kai kan rijiya ya gama da rabinta!"

Ya ɗauki sanda zai bugi karen, na hana shi. Ni na roƙa masa, bai yi komai ba sai karɓa. Na durƙusa na ɗora hannuna na dama a kan cikin Moinok. Da ɗumi. Ko a can ɗin ma aikinta take yi.

Ina durƙushe Kunduz ta fito tana goge hannu a zani. Ta dubi igiyar, ta dubi karen. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sunkuya ta zare makulli daga babur ta jefa a aljihun rigarta.

Ta ce, "Ata, motar Narin ranar Juma'a ce."

Mijinta ne ya kawo babur gida, ni kuwa aka sa ni a mota kamar buhun gari.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yar'uwarta Safar Hagu, wadda ba ta taɓa kwana ba tare da ita ba. Ta bar babur, tsoho ɗan ƙasar Rasha, wanda ke tsaye a rumfa hannu ɗaya tsirara, ƙarfen yana ƙyalli kamar ƙashi. Ta bar yatsu huɗu da rabi marayu. Ta bar madubin dama, maƙwabcinta na kusa, wanda tun da ya tsage ba ya nuna komai sai sama. Ta kuma bar Moinok, wanda na ji labarin yana tarin gashi har yanzu.

Masu neman gadon kujerarta sun zo, an sallame su. Washegari Beishenali ya aiko da wasu safofin kanti na baƙar roba, masu rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Na zura hannu, ba su ce komai ba, kuma warin taya suke. Duk da haka na kai wa Kunduz na ce ga magada. Ta ce alkawari a kan na Apa aka yi. Na ce to ai ta Hagu tana raye, sai in mayar da ita dama, hagun in sa a aljihu. Ta ce, "Ata, kuloci da haƙori za ka kama? Haƙoran ma ina suke?" Na haƙura, don na taɓa gurasa, kuma wanda ya taɓa gurasa ba ya ja da baya.

Na fara haɗa kaya. Ina naɗe wando tana zuba mini shayi, na ce mata abu ɗaya ne ke damuna, wa zai soya borsok ranar Alhamis.

Ta ce, "A Narin ma akwai mai, akwai kasko."

Na ce, "'Yata, ƙamshin da ya tashi daga hawa na huɗu, ga hayaƙin motoci, ga na gidajen mutane, ta ina zai gane hanyar Uc-Tash? Uwarki ko tana raye ba ta son a aiko mata da abu, so take a kawo."

Ta cika mini kofi har ya zube, ita da ba ta taɓa zubar da shayi ba.

Da gari ya waye na leƙa rumfa na ga Safar Hagu ba ta nan. Na ce shi ke nan, baƙin ciki ya ɗauke ta, tagwaye ba sa daɗewa bayan juna. Har na fara tunanin yadda zan haɗa sanarwa biyu a takarda ɗaya, sai na ji haniniyar doki a ƙofa. Beishenali ne, sanye da babbar rigarsa ta fata, wadda yake taƙama da ita a kowane taro. Hannun rigar na dama babu. Ya naɗe damtsensa da mayafin matarsa mai furanni. Yankakken hannun rigar kuwa yana rataye a gaban sirdi.

Na ce, "Kuda, kerkeci ne?"

Ya ce, "Tsohuwata ce. Ta ce kare namu ne, kunya tamu ce, sabuwar fata kuma kafin a jeme ta hunturu ya yi nisa. Ina cikin rigar ma ta yanka, ba ta bari na tuɓe ba."

Bai miƙo mini ba. Ya kira Kunduz. Ta fito ta rusuna masa kamar yadda matar ɗa take yi, ya ɗora mata hannun rigar a tafin hannuwanta biyu.

Ya ce, "'Yata, ga shi. Ban ce ki yi komai da shi ba. Amma ki sani ba zai koma jikin rigar ba, kuma in aka bar shi a banza, ni na yi asarar hannu, ubanki bai samu ba."

Matar ɗa ba ta mayar wa uban miji kyauta. Ta karɓa ta shiga ciki, muka bi ta. A nan na ga Safar Hagu, da ranta da lafiyarta, an juya cikinta waje a kan matashi. Gefenta ga allura, ga zaren jijiya, ga wata tsohuwar fatar sirdi da asu ya cinye, an fara yankawa an bari. Ashe tun kafin dokin ya iso Kunduz take bin ɗinkin uwarta ƙulli bayan ƙulli.

Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Miƙo hannu in gwada."

Na miƙa. Ta zagaye hannun da guntun sabulu, tana zana ma'auninsa a kan fatar.

Ta wuni tana ɗinki. Igiyar marigayiya da maɓallinta, su aka ba jaririyar safar gado. Da ta kusa gamawa na lura ta tsallake wani wuri wajen babban yatsa, na ce mata ta bar rami.

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Marigayiya ma tana da irinsa. Ta nan tsoron tunkiyar yake fita."

Ta ajiye allura ta dube ni. Ta ce, "Ata, duk kwarin nan kai kaɗai ne ba ka san da gangan Apa ta bar shi ba. Ta ce in ta ce ka rage gudu ba ka ji, amma in fata ta faɗa maka za ka saurara, har ka je kana ba mutane labari."

Beishenali ya yi dariya har mayafin ya kwance. Ni dai ina nan a kan ra'ayina cewa dalilan biyu ba sa karo da juna.

Game da makulli, ga hukuncin da ta yanke. Makulli nata ne, tunda na rantse. Aro take ba ni, ranar Alhamis kawai, da rana, in sama a buɗe take. Sauran kwanaki yana hannun matar Beishenali, wadda kowa ya ga abin da take iya yi da almakashi. Maganar Narin kuwa ta ɗage ta, ta ce alkawarin nata ne, ita ke da ikon jinkirta shi. Motar Juma'a za ta tafi da ita da mijinta. Wandunan da na naɗe na mayar da su akwati.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, da zarar rana ta taɓa gada. Za a tashi daga ƙofar gidana zuwa Uc-Tash. Liman ya ce mini, "Jumake, ka ji tsoron Allah, fata ce fa." Na ce na sani, ban nemi a yi mata salla ba. Gashin da ya rage za a sa shi a ƙarƙashin dutsen da ke bakin ƙofar tsohon ɗakinmu, wajen maƙabarta, ba cikinta ba. Karatu da addu'a na Sonun ne da sauran mamatanmu. Kunduz za ta hau bayana, don ba ta taɓa ganin kabarin uwarta cikin dusar ƙanƙara ba, kuma ta ce ita za ta yi suya. Beishenali zai biyo a kan doki, duk mai tsohon hannun riga na dama da ba ya amfani da shi ya taimaka masa. Moinok zai halarta, a ɗaure, domin mafi yawan gawar tana cikinsa, babu yadda za a yi jana'iza ba shi. An roƙe ni kada in sa albarka a ƙarshe, na amince.

Ba a buƙatar shayi ko sukari na ta'aziyya. Abin da ake roƙo shi ne duk wanda ya ci borsok kada ya goge hannu, ya zo ya shafa wa jaririyar, ba ta ci komai ba tun da aka haife ta.

Masu zuwa a ƙafa kada su damu, ba za a bar su a baya ba. Kafin a tafi da makulli na gwada jaririyar a tsakar gida, ramin da Kunduz ta bari ya fi na uwarta faɗi, tun babur bai kai saurin jaki ba take fara fito. In kun ji fiii daga wajen gada, mu ne, ku fito. Sonun ma ta san muryar, za ta san mun taho a hankali.